Shafi Huɗu Daga Littafin Yasna

Achao, 6 ga Mayu, 2003

Zuwa ga 'yata Yasna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan cikin ikon Allah. Ruwa bai ɗauke ba tun Lahadi, gwiwata kuma kin san halinta. Na sa miki kwali a bas: dankali ne da kifi mai hayaƙi da safa biyu da na saƙa. Ki dawo mini da kwalin.

Ba don dankali na ɗauki biro ba. Jiya aka kawo wasiƙa daga ofishin haraji da sunanki a kai, na kuwa buɗe. Kada ki fara mini dogon bayani a kan wasiƙar wani. Duk takardar da ta shigo gidan nan da hatimin gwamnati ni nake karantawa, tun mahaifinki yana raye.

Kin ce mini a hutun ranin bara, da kika yi aiki wata biyu a masaukin Don Gastón a Lican Ray, peso dubu ɗari uku da sittin kika samu. Haka kika faɗa mini, haka kuma kika rubuta wa gwamnati. To gwamnati ta ce ba haka ba ne. Ta ce bayan wannan akwai miliyan biyu da dubu ɗari takwas da wani kamfani mai suna Punta Quila, na Puerto Montt, ya biya ki, kuma ba ki ambata ba. Sau uku na karanta, na goge tabarau na sake karantawa.

Yasna, na yi sakandare, na san lissafi. Yarinya mai shekara ashirin da ke koyon aikin jinya, wane aiki take yi wa kamfani har a ba ta abin da ban samu ba a shekara biyu ina saƙa? Ruwa ba ya tsami banza. Na tuna dogayen takalman da kika zo da su bikin ƙasa na Sha Takwas ga Satumba, kika ce mini na gwanjo ne. Na tuna yadda kika yi ta ɓoye fuska da na tambaye ki wa ya kira ki a wayar maƙwabta. Shekaran jiya kuma Doña Clorinda ta tare ni a bakin coci, tana wannan murmushin nata, ta ce, "Herminda, ashe 'yarki ta yi gaba! Ɗana ya gan ta a Puerto Montt tana saukowa daga jar mota, irin ta manyan kamfanin kifi." Na ce mata, "Idon ɗanki da safe ma ba abin dogara ba ne, balle bayan ya biya ta mashaya." Na rufe mata baki, amma maganar ta biyo ni har gida.

Shekara goma sha bakwai ina koya wa yaran garin nan dokokin Allah goma. Ban yi haka don a nuna ni da baki ba. Talauci ba abin kunya ba ne, na sha gaya miki. Abin kunya shi ne kuɗin da ba a iya faɗin sunan aikinsa.

Ki rubuto mini sunan mutumin, da shekarunsa, da ko yana da mata. Ki faɗi gaskiya tun ina iya ji daga bakinki.

Allah ya shirye ki, ya tsare ki.

Mahaifiyarki,
Herminda Barría


Valdivia, 11 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. Kwali ya iso, na gode.

Sunan mutumin Don Efraín, shekarunsa sittin da takwas, yana da mata da jikoki tara. Mahaifin Pilar ne, wadda muke ɗaki ɗaya. Ya rage mana hanya zuwa tashar bas, mu uku da katifa. Takalman kuma na gwanjo ne har gobe, na hagu ma yana shan ruwa. Wadda ta kira ni a waya Pilar ce, ta gaya mini na faɗi jarrabawa ɗaya, abin da na ɓoye miki ke nan. Na sake ta, na ci. Ki gaishe mini da Doña Clorinda.

Na yi kuka da na karanta wasiƙarki, amma ba ni da lokacin kuka, don abin ya fi jar mota girma. Ranar Alhamis jami'ar walwalar ɗalibai ta kira ni ofishinta. Kin san kowace shekara sai an duba abin da gidanmu yake samu kafin a sabunta mini tallafin karatu. Ta ajiye takardar haraji a gabana ta ce, "Señorita Cárcamo, mai samun miliyan uku ba ta cikin waɗanda muke ɗauka." Ta ba ni zuwa talatin ga wannan wata in kawo hujja. In ban kawo ba, tallafi ya tafi, kuma kin san ba mu da kuɗin wata ɗaya na makarantar nan.

Ban taɓa jin sunan Punta Quila ba. Amma ki yi tunani tare da ni. Don Gastón bai ɗauke ni a matsayin ma'aikaciya ba, shi ya sa na buga littafin rasit da sunana da lambata ta haraji, kamar kowa. In rubuta masa rasit, ya biya ni, ya riƙe kashi ɗaya cikin goma ya kai wa gwamnati, ni kuma in karɓo abina bayan shekara. Shafi biyu kawai na yi amfani da su, na ɗaya a Janairu, na biyu a Fabrairu. Babu kamfanin da zai ce ya biya ni sai da rasit daga littafin nan. Littafin kuwa tun Maris ɗin bara yana cikin akwatinki, ƙarƙashin takardun baftisma, makulli yana wuyanki.

Ki buɗe ki ƙirga, Mama. Hamsin ne, ya kamata a samu arba'in da takwas.

'Yarki,
Yasna


Achao, 15 ga Mayu

Yasna,

Ina amsa gaisuwarki. Na ji bayanin motar, na karɓa, ko da yake yarinya mai hankali takan gaya wa uwarta kafin ta shiga motar kowa, ko da kakan kakanta ne. Jarrabawar da kika ɓoye kuma za mu yi maganarta. Wanda ya ɓoye ƙaramin abu shi ya koya wa mutane zarginsa a kan babba.

Littafinki yana inda kika bar shi. Ban samu sukunin ƙirgawa ba, ina fama da yaran da za a yi wa bikin tabbatar da bangaskiya a coci, ga itace duk ya jiƙe.

Ni dai hankalina bai kwanta da Don Gastón ɗin nan ba. Mutumin da ke sa zobe a ƙaramin yatsa, wanda ya ƙi ɗaukar ki aiki yadda doka ta ce, me zai hana shi ba wani lambarki? Ita ma Pilar, me kika sani game da ita? Kina barin jakarki a buɗe, tun kina ƙarama haka kike. Su ma ofishin haraji mutane ne, suna iya ɗora lambar wani a kan wani. Ki je ki ce su sake dubawa. Ki sa rigar kirki, ki yi magana da ladabi, kada ki sa hannu a kan komai.

Ki riƙa addu'a. Ki daina kwana da jiƙaƙƙen gashi.

Mahaifiyarki,
Herminda


Achao, 15 ga Mayu

Arnoldo,

Ina gaishe ka a matsayin ƙanena, don Allah ya ce a yi sallama. Bayan wannan ba ni da wata magana mai daɗi.

A watan Yunin bara ka zauna a gefen murhuna, ka ci milcao uku, wainar dankalin nan da kake so, ka ce kamfani ba zai biya ka ɗinkin ragar kifi ba sai da rasit, kai kuma ba ka da littafi. Ka ce aro ne kawai, kowa yana yi. Ka ce dubu sittin ne kowane wata, wata huɗu, kuɗin da ko kaza ba za ta ɗaga kai ta kalla ba. Ka ce kashi goman da za a riƙe Yasna ce za ta karɓa, kyauta daga kawunta. Na yage maka shafi huɗu. Da ka ce rubutunka kamar tafiyar kaguwa ne, ni na rubuta maka kwanan wata da irin aikin, na bar maka gurbin kuɗi da sunan kamfani ka cika a can.

Yanzu ka gaya mini: wane ne Punta Quila, kuma nawa ka rubuta?

Na zargi 'yata da abin da ba zan iya maimaitawa ba. Ɗazu kuma na rubuta mata cewa ban ƙirga littafin ba, alhali na ƙirga sau biyu. Ni Herminda, da furfurata, ka sa na yi wa 'yar cikina ƙarya a takarda. Za su ƙwace mata tallafin karatu ranar talatin ga wata.

Ka ba mai jirgin fito amsa gobe. Kada ka ce wasiƙa ba ta same ka ba, na san inda kake cin abincin rana.

Yayarka,
Herminda


Quellón, 18 ga Mayu

Yaya Minda, uwar gida, sarauniyar Achao,

Gaisuwa da ban girma. Wasiƙarki ta iso, har yanzu hannuna yana zafi.

Haba Yaya! Kin yi kamar na kashe mutum. Gaskiya ne kuɗin ya ɗan fi yadda na ce. Aikin ne ya buɗe, suka ba ni ragar kejin kifi shida maimakon ɗaya, na ɗauki mutum uku, dubu ɗari bakwai kowane wata. Ba aljihuna duk ya shiga ba, na rantse da kabarin Inna. Na biya mutanena, na gyara injin kwalekwale, sauran kuma kin san yadda kuɗi yake da ƙafa. Da na dawo na ce miki ya ƙaru, da kin yi mini huɗuba ta awa biyu, ni kuma ga aiki yana jira.

Ki duba alherin da ke ciki mana. Kashi goma na wannan kuɗin dubu ɗari biyu da tamanin ne, yana can ajiye da sunan Yasna. Ta je ta ce nata ne, ta karɓe, ta sayi littattafai. Wane kawu ne a tsibirin nan ya taɓa ba 'yar yayarsa irin wannan? Rabin masu aikin Quellón da rasit ɗin aro suke ci, har mai gyaran rufin cocinku, ki tambaye shi in kin isa.

Maganar tallafi, ta yi musu kuka. Matan ofis ɗin nan da sun ga hawaye sai su nemi biro. In ya ƙi, ta huta shekara ɗaya, ina da wanda zai sa ta a masana'antar kifi, ana biya da kyau. Yarinya ce, lokaci yana gabanta.

Amma Yaya, don girman Allah, kada sunana ya shiga wata takarda. Kin san Marlene, uwar 'ya'yana, ta kai ni kotu a kan kuɗin abincin yara, na kuma rantse wa alƙali cewa bara ban samu aiki ba. In wannan ya fito, ɗaure ni za a yi. Ke kika goya ni da Inna ta rasu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Zan kawo miki rago a Satumba, mai ƙiba.

Ƙanenki har abada,
Noldo


Valdivia, 22 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki. Na sa rigar kirki, na yi magana da ladabi.

Na yi layi tun safe har aka kai ni gaban wani dattijo mai ƙaramin gemu. Ya nemo kwafin rasit ɗin da kamfanin ya ajiye, lamba uku zuwa shida, Yuni zuwa Satumba. Ya karanta da ƙarfi, "Ɗinkin ragar keji." Ya dubi hannuwana ya ce, "Ke ce mai ɗinkin? Allah ya ba ki lafiya, hannunki ko ƙaya bai taɓa gani ba." Na ce ban san komai ba. Ya ce, "'Yata, kullum sai na ga irinki biyar. Wa kika ara wa? Saurayi ko kawu?" Na ce ban ara wa kowa ba. Sai ya juyo da takardar ya tura mini.

Ga kwafinta nan na haɗa miki. Kuɗin da sunan kamfanin, rubutun wani ne, na kuma gane shi, don shi yake rubuta mini katin Kirsimeti. Kwanan watan kuwa, da bakwai mai sanda a tsakiya, hannun da ya riƙe nawa ya koya mini rubutu ne.

Na daɗe zaune a kan benci a waje. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wasiƙarki ta biyu. Ta farko ba ki sani ba. Ta biyu kin sani, kika aike ni in zargi Pilar, wadda take raba burodinta da ni a ƙarshen wata.

Dattijon ya ce hanya biyu ce. Ko in ce kuɗin nawa ne, a rufe magana, tallafi ya tafi. Ko wanda ya ba da shafukan ya je gaban notariyo, jami'in da ke shaida takardu, ya yi rantsuwa a rubuce, ya faɗi wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗin, a buga hatimi. Ya ce da wannan za su buɗe bincike, za a iya cin tarar mai rantsuwar, wanda ya karɓi kuɗin kuma su za su neme shi. Jami'ar walwala ta ce in takardar ta iso kafin talatin ga wata za ta riƙe mini gurbina.

Ban faɗi sunan kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ba zan kai uwata ƙara ba. Na fara haɗa kayana. In ba wani abu, ina bas ɗin ɗaya ga Yuni. Ki ce wa Kawu na gode da kyauta.

Yasna


Achao, 25 ga Mayu

Arnoldo,

Gaisuwa. Tunda jiya ka fita ka buga mini ƙofa kafin in gama magana, ga sauran a rubuce, don kada gobe ka ce ba a gaya maka ba.

Ka tsaya a tsakar ɗakina da hularka a kai kana cewa, "Ke fa kika rubuta, Yaya, in na nutse tare za mu nutse." Ka yi zaton tsorata ni za ka yi. Gaskiya ka faɗa, ni na rubuta. Ka ce kuma, "Wa zai sake ba ki ɗansa ki koya masa kada ka yi shaidar zur?" Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye maka ba. Tun jiya nake juya ta.

Na tambayi kaina me ya sa da na ga miliyan biyu a takarda, zuciyata ta tafi wurin yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar mini ko allura ba, ba ta zo wurinka ba, kai da ka sayar da keken mahaifinmu kana shekara sha huɗu ka ce sace shi aka yi. Na goya ka, shi ya sa kullum nake rufe ido. Ita kuma na haife ta, shi ya sa nake buɗe ido har ina ganin abin da babu.

Ka ce ta huta shekara ɗaya. Na san 'yan matan da suka shiga masana'antar kifi don shekara ɗaya. Suna can har yau, yatsunsu sun kumbura da sanyi. Kuma kuɗin da ka ɓoye wa alƙali ba na Marlene ba ne, na bakin 'ya'yanka ne, ɗanka Camilo yana zuwa makaranta da takalmin da ya yage. Na taya ka wannan ma ban sani ba, ko kuma ban so in sani ba.

Ranar Talata ƙarfe tara zan kasance a ofishin notariyo na nan Achao. Ka ce in dai dole ne in tafi Castro inda ba a san mu ba. Ba zan tafi ba, a garin nan na yi abin. In ka zo ka sa hannu da kanka, zai fi maka sauƙi a gaban alƙali, ni kuma zan raka ka duk inda za a kai ka. In ba ka zo ba, zan faɗi sunanka cikakke, da na uwarmu a ƙarshensa.

Ka riƙe ragonka.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Herminda


Achao, 27 ga Mayu

'Yata Yasna,

Ina gaishe ki. Ga takardar nan a cikin leda saboda ruwa, da hatimi biyu. Na ba direba a hannunsa, na rubuta lambar motarsa, in ya ce ta ɓata ƙarya yake yi.

Na jira kawunki har ƙarfe goma da rabi. Bai zo ba. Mai buga takardun ofishin surukar Doña Clorinda ce, ta ce, "Señora Herminda, in rubuta haka yadda kika faɗa?" Na ce, "Rubuta, kuma ki gyara, Barría da wasali mai alama ne." Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na biya ta wurin Fada, limamin cocinmu, na mayar masa da makullin ajin yara.

Na yi miki zalunci sau biyu. Ban iya irin maganar nan ba, kin sani. Ki ce wa Pilar akwai safa a kwali na gaba.

Ki kai takardar da hannunki gobe, ki sa a buga miki shaidar karɓa, kada ki yarda da "za mu duba". Sannan ki kwance kayanki. Kada in gan ki a bas ɗin ɗaya ga Yuni. Ba ki da wurin kwana a gidan nan sai an yi hutu.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Herminda Barría